Sake gina mama bayan tiyatar kansa: Abin da ya kamata mace ta sani kafin a shiga da ita ɗakin tiyata

Idan likita ya shaida wa mace cewa ƙullutun da ke mamanta kansa ne, kuma dole a cire maman baki ɗaya, tunaninta ba ya tsayawa a kan rai da mutuwa kaɗai. Takan yi tunanin yadda za ta dubi jikinta, da yadda maigida zai dube ta, da abin da kishiya da dangin miji za su ce. Likitoci a Najeriya sun daɗe suna kokawa cewa wannan fargaba na sa mata da dama su ɓace daga asibiti da zarar an ambaci tiyata, su koma ga magungunan gargajiya, ba za a sake ganinsu ba sai cutar ta ci ƙarfinsu.

Ga matar da ke zaune a Paiko, hedikwatar ƙaramar hukumar Paikoro a jihar Neja, hanyar neman magani na da zango-zango. Daga cibiyar lafiya ta matakin farko za a tura ta Minna, zuwa Babban Asibiti ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ko kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Idan ana buƙatar yi mata gashi da na'ura, galibi sai ta dangana da Asibitin Ƙasa da ke Abuja. A tsawon wannan tafiya, ba kasafai ake zaunar da ita a bayyana mata cewa akwai tiyatar da ke iya mayar mata da siffar maman da za a cire ba.

Girman matsalar

Alƙaluman cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an samu mata kimanin miliyan 2.3 da suka kamu da kansar mama a faɗin duniya, kuma kimanin 670,000 suka rasu. A Najeriya an ƙiyasta sababbin masu cutar sun haura 32,000 a wannan shekarar, waɗanda suka rasu kuma sun haura 16,000. Ita ce kansar da ta fi kowace yawa a ƙasar.

A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar na kaiwa shekara biyar a raye bayan an gano ta, saboda ana gano ta da wuri. A can, sau da yawa ƙullutun kawai ake cirewa a bar maman. A Najeriya kuwa, yawancin mata na isa asibiti ne bayan cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu, lokacin da cire maman gaba ɗaya ya zama tilas. Haka kuma da yawansu 'yan shekara 40 zuwa 50 ne, suna tsakiyar zaman aure da renon 'ya'ya.

Abin da ke biyo bayan tiyata

Wani bincike da Dakta Vincent Odigie da abokan aikinsa suka gudanar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda aka wallafa a 2010, ya bibiyi matan aure 81 da aka cire wa mama. Wata shida bayan tiyata, kusan kashi 68 cikin 100 sun ce suna jin sun tawaya a matsayinsu na mata, kashi 79 kuma sun ce mu'amalar aure tsakaninsu da mazajensu ta ragu. Bayan shekara uku, fiye da kashi 38 cikin 100 aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajensu.

Wannan sakamako ya nuna cewa fargabar da mata ke yi na da tushe. Matar da ta ga abin da ya sami 'yar uwarta ko maƙwabciyarta bayan tiyata, da wuya ta yi hanzarin sa hannu a takardar amincewa. Don haka likitocin fiɗa da dama ke ganin cewa maganar sake gina mama wani ɓangare ne na maganin kansa, domin tana iya sa mace ta yarda a yi mata aikin da zai ceci ranta.

Yadda ake yin aikin

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce sanya wata jaka mai laushi da ke cike da silikon ko ruwan gishiri a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji. Wasu likitoci biyu a birnin Houston na Amurka, Thomas Cronin da Frank Gerow, su ne suka fara amfani da jakar silikon a 1962. Idan fatar da ta rage ba ta isa ba, akan fara sanya wata jaka ta wucin gadi, ana ƙara mata ruwa kaɗan-kaɗan na tsawon makonni har fatar ta buɗe, sannan a musanya ta da ta dindindin.

Hanya ta biyu ita ce amfani da naman jikin matar kanta. Ana iya juyo da tsoka da fata daga gadon baya zuwa ƙirji, dabarar da wani likita ɗan Italiya, Iginio Tansini, ya bayyana tun farkon ƙarni na 20. Ana kuma iya ɗauko fata da kitse daga mara. A 1982 likita Carl Hartrampf ya fito da hanyar yin haka tare da tsokar ciki, daga baya a shekarun 1990 aka inganta ta yadda za a ɗauki fata da kitse da jijiyoyin jininsu kawai, a bar tsokar. Wannan aiki kan ɗauki sa'o'i shida zuwa takwas, domin sai an ɗinke ƙananan jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin na'urar ƙara girman gani.

Ana iya sake gina maman a ranar da aka cire shi, ana kuma iya jinkirtawa watanni ko shekaru. Gashi da na'ura na sa fata ta yi tauri ta takure, yana kuma ƙara yiwuwar jakar silikon ta samu matsala. Saboda haka, matar da cutarta ta yi nisa, wadda za a yi wa gashi, sau da yawa akan ba ta shawarar ta kammala magani tukuna. Wadda aka cire wa mama shekaru da suka wuce ma ƙofa ba ta rufe mata ba, matuƙar lafiyarta za ta ɗauki tiyata.

Abin da matan da aka yi wa aikin ke cewa

A 2009 likita Andrea Pusic da abokan aikinta a cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering da ke New York suka samar da wata takardar tambayoyi mai suna BREAST-Q, domin auna sakamakon aikin daga bakin matan da kansu. Da ita aka yi amfani a wani babban bincike a asibitoci 11 na Amurka da Kanada, wanda ya bibiyi mata fiye da 2,000. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa shekara biyu bayan tiyata, waɗanda aka yi wa aikin da naman jikinsu sun fi gamsuwa da siffar maman fiye da masu jakar silikon. Sai dai kuma sun fi fuskantar matsaloli bayan tiyata. A jimlace, kusan mace ɗaya cikin uku ta gamu da wata matsala, kamar ruɓewar ciwo ko taruwar jini ko jinkirin warkewa, kusan ɗaya cikin biyar kuma sai da aka sake mayar da ita ɗakin tiyata.

Abin da ya fi ba mata mamaki shi ne rashin ji. Lokacin cire mama ana yanke jijiyoyin da ke kai saƙon taɓawa, don haka sabon maman yakan kasance a dushe, ba ya jin taɓi ko zafi kamar na da, har mace na iya ƙonewa da ruwan zafi ba ta sani ba. Ba ya kuma kawo ruwan nono, ko da yake mai mama ɗaya lafiyayye na iya shayar da jariri da shi. Tabo ba ya ɓacewa, kuma masu baƙar fata sun fi saurin samun tabon da ke tasowa ya yi tudu. Jakar silikon ita ma ba ta zama har abada, wata rana za a iya buƙatar canza ta.

Duk da haka, mata da yawa na bayyana cewa samun damar sanya tufafi ba tare da fargabar idon jama'a ba, da shiga biki ko suna cikin natsuwa, ya dawo musu da ƙwarin gwiwa. Akwai kuma waɗanda aka yi wa cikakken bayani suka zaɓi zama da ƙirjinsu a shafe, domin ba sa son ƙarin tiyata, kuma suna zaune lafiya da zaɓinsu. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu shi ne an faɗa musu gaskiya tun farko, su suka zaɓa.

Bincike ya kuma nuna cewa sake gina mama ba ya sa kansa ta dawo, ba ya kuma hana likita gano ta idan ta dawo. Shan taba da ciwon suga da ƙiba mai yawa ne ke ƙara haɗarin samun matsala a ciwon.

Irin aikin da mace ke yi na da muhimmanci wajen zaɓi. A yankin Paiko, inda noman doya ya shahara, mata na daka, suna ɗebo ruwa da itace, kuma matan Gbagyi sun shahara da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon kai. Ɗauko tsoka daga gadon baya na iya rage ƙarfin kafaɗa, ɗauko ta daga ciki kuma na iya raunana bangon ciki. Bayan irin wannan tiyata akan hana ɗaukar kaya masu nauyi na tsawon mako shida zuwa takwas. Idan an cire kaluluwar hammata, hannun wannan ɓangaren na iya kumbura. Ya kamata likita ya san sana'ar matar, iyali kuma su shirya wanda zai ɗauke mata aikin gida kafin ta murmure.

Matsayin addini

Wasu matan na ɗari-ɗari da aikin saboda tsoron kada ya zama sauya halittar Allah. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta tattauna batun tiyatar gyaran jiki a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007. Ta halatta tiyatar da ke mayar da gaɓa siffarta ta asali bayan cuta ko haɗari ko ƙuna, ta kuma ambaci sake gina maman da aka cire a cikin misalanta. Malamai kan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sanya na zinariya bayan na azurfa ya yi wari.

Kuɗi da ƙarancin ƙwararru

A Amurka, wata doka ta 1998 ta wajabta wa yawancin tsare-tsaren inshorar lafiya da ke biyan kuɗin cire mama su biya na sake gina shi. A Birtaniya, hukumar lafiya ta ƙasa na yin aikin kyauta. A Najeriya kuwa, yawancin iyalai daga aljihunsu suke biyan kuɗin gwaji da tiyata da alluran kimoterafi da gashi, kuma kafin a kammala waɗannan an sayar da amfanin gona, wani lokaci har da gonar. Likitocin gyaran jiki ƙalilan ne, kuma sun fi yawa a asibitocin koyarwa na manyan birane irin su Abuja da Zariya da Kano da Ibadan da Legas. Ana shigo da jakar silikon daga waje, don haka farashinta na bin darajar Naira.

Gwamnatin Tarayya ta fara aiwatar da Asusun Tallafa wa Masu Kansa a 2021, domin marasa galihu masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Asibitin Ƙasa na Abuja da na Jami'ar Ahmadu Bello na cikin asibitocin farko da aka zaɓa. A 2022 aka sanya hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa. A Minna, gidauniyar RAiSE da Dakta Amina Abubakar Bello ta kafa ta yi fice wajen gwajin kansar mama da ta bakin mahaifa. Yana da kyau majinyaciya ta nemi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin da take, ta tambayi tallafin da ta cancanta.

Ga wadda tiyatar ta fi ƙarfinta ko ba ta so, akwai maman roba da ake sakawa cikin rigar mama mai aljihu, akwai kuma wanda ake saƙawa da zaren auduga, mara nauyi, wanda ya dace da yanayin zafi. Ƙungiyar Knitted Knockers ta Amurka na raba tsarin saƙar kyauta, kuma duk macen da ta iya saƙar hular jarirai za ta iya koyonsa. Ya fi tsumma ko soso da wasu ke cusawa, waɗanda ke zamewa su kuma goge tabon.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Kafin ranar tiyata, mace da mai rakiyarta na da haƙƙin tambayar likita: shin dole ne a cire maman duka, ko ƙullutun kaɗai ya wadatar? Za a yi gashi bayan tiyata? Akwai likitan gyaran jiki a wannan asibiti, ko ina za a same shi? Tiyata nawa za a yi, kuma nawa ne kuɗin kowace? Yana da amfani maigida ya halarci wannan zama, domin ya ji daga bakin likita cewa kansa ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma cire mama ba ya hana zaman aure.

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 na son a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu kansar mama tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kuma kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti. Wadda ta je da wuri ita ce ke da zaɓi mafi yawa, har da yiwuwar a bar mata mamanta. Saboda haka likitoci ke jan hankalin duk macen da ta ji ƙullutu a mama ko hammata, ko ta ga kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta canza, da ta garzaya asibiti ko da babu ciwo.