Yadda rumfunan ƙanƙarar Antaktika ke tsagewa, da abin da rugujewarsu za ta jawo wa biranen gaɓar teku

Daga 31 ga Janairu zuwa farkon Maris na 2002, tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ta Amurka ya ɗauki hotunan wani al'amari da masana ba su taɓa ganin irinsa ba. Wani shimfiɗeɗɗen falalen ƙanƙara da ake kira Larsen B, mai faɗin murabba'in kilomita 3,250, wato kusan girman jihar Legas, ya farfashe ya watse a cikin teku cikin makonni biyar kacal. Kaurinsa ya kai mita 220, kuma binciken lakar da ke ƙarƙashinsa ya nuna cewa ya shafe aƙalla shekara 10,000 yana nan daram.

Tun daga lokacin masana ke ƙoƙarin gano yadda abu mai wannan girma ke karyewa, domin amsar tana da alaƙa da yawan ruwan da teku zai ƙara a wannan ƙarni.

Mece ce rumfar ƙanƙara?

Nahiyar Antaktika tana lulluɓe da ƙanƙarar da ta taru daga dusar da ta yi ta sauka shekaru aru-aru, kuma a wasu wurare kaurinta ya haura kilomita huɗu. Saboda nauyinta, wannan ƙanƙara tana malala sannu a hankali zuwa gaɓa, kamar kogi mai tafiyar hawainiya. Idan ta iso bakin teku, takan zarce ta hau kan ruwa tana iyo, alhali bayanta na nan manne da tudu. Wannan ɓangare mai iyo shi ne rumfar ƙanƙara. Wadda ta fi girma, rumfar Ross, ta kai kimanin rabin faɗin Najeriya.

Narkewar rumfar ita kaɗai kusan ba ta ƙara wa teku komai. Duk wanda ya jefa ƙanƙara a kofin zoɓo ya san cewa idan ta narke kofin ba ya tumbatsa, domin tun tana iyo ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta. Amfanin rumfar yana wajen tokara. Gefunanta suna gogar duwatsun gaɓa, ƙasanta kuma yana maƙalewa a tuddan da ke ƙarƙashin teku, sai ta zama birki ga kogunan ƙanƙarar da ke bayanta. Bayan rugujewar Larsen B, wasu daga cikin kogunan da ta tokare sun ninka gudunsu, har wani ya kai ninki takwas. Ƙanƙarar da ta sauko daga tudu ita ce ke ɗaga teku.

Tsagewa daga sama

Hanya ta farko tana farawa ne da iska mai ɗumi. A lokacin zafi na kudancin duniya, daga Disamba zuwa Fabrairu, saman rumfar yakan narke. Idan akwai dusa mai laushi, takan tsotse ruwan. Amma idan aka jera shekaru ana narkewa ana sake daskarewa, dusar takan toshe, sai ruwa ya kwanta ya zama tafkuna. Ruwan tafki ya fi farar ƙanƙara duhu, don haka ya fi shan zafin rana, narkewa kuma ta ƙaru.

Ruwa ya fi ƙanƙara nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Busasshiyar tsaga ba ta iya yin zurfi sosai, domin nauyin ƙanƙarar da ke kewaye da ita yana matse ta. Amma idan ta cika da ruwa, matsinsa a ƙasan tsagar yakan rinjayi na ƙanƙara, sai ya riƙa buɗa ta kamar yadda mai faskare ke dukan ƙarfe cikin gungume, har ta huda rumfar daga sama zuwa teku. Kafin Larsen B ta ruguje, tafkuna fiye da 2,000 sun bayyana a kanta. Masana sun nuna cewa idan tafki ɗaya ya tsiyaye, wurin yakan yi sauƙi ya ɗago, lanƙwasar ta tsaga na kusa da shi, shi ma ya tsiyaye, haka har rumfar ta zama gutsattsari.

Zaizaya daga ƙasa

Hanya ta biyu ido ba ya ganinta. A zurfin tekun da ke kewaye da Antaktika akwai ruwa mai gishiri wanda ya ɗara ma'aunin daskarewa da 'yan digiri kaɗan. A yammacin nahiyar, a tekun Amundsen, wannan ruwa yana bin kwazazzabai na ƙarƙashin teku yana shiga ƙarƙashin rumfuna, yana cin su daga ciki. Rumfar da ta sirance takan rabu da tuddan da take dafawa, gefunanta su yayyage, ƙarfin tokararta ya ragu.

A nan kogin ƙanƙara na Thwaites yake, wanda girmansa ya kusa na Birtaniya. Ƙasar da yake zaune a kai tana ƙarƙashin matakin teku, kuma tana ƙara zurfi idan aka nufi cikin nahiyar. Saboda haka duk lokacin da bakinsa ya ja da baya, yakan koma wurin da ƙanƙara ta fi kauri, abin da ke sa ta ƙara saurin kwarara. Thwaites kaɗai yana riƙe da ƙanƙarar da za ta ɗaga teku da kimanin santimita 65, yammacin Antaktika baki ɗaya kuwa da fiye da mita uku. Tun a 1978 masanin ƙanƙara John Mercer ya yi gargaɗin cewa ɗumamar yanayi za ta iya kai wannan yanki ga rugujewa, kuma alamar farko ita ce karyewar rumfunan da ke zirin arewacin nahiyar. Larsen A ta tafi a 1995, Larsen B ta bi ta bayan shekara bakwai.

Ɓallewa dabam, rugujewa dabam

Wasu tsagewar ɗabi'ar rumfa ce tun fil'azal. Yayin da ake tura ta gaba, bakinta yakan ɓalle lokaci zuwa lokaci. A Janairun 2023 wani yanki mai murabba'in kilomita 1,550 ya rabu da rumfar Brunt, inda tashar binciken Birtaniya ta Halley take, kuma masanan tashar sun ce ba sauyin yanayi ya jawo shi ba. Abin damuwa shi ne idan rumfa tana asarar fiye da abin da take samu. A Maris na 2022 rumfar Conger ta ruguje a gabashin Antaktika, yankin da aka daɗe ana ɗauka ya fi tsira, a watan da zafi ya haura yadda aka saba da kusan digiri 40 a wasu sassan nahiyar. A arewacin duniya ma, rumfar Milne ta Kanada ta rasa fiye da kashi 40 cikin 100 na faɗinta a Yulin 2020.

Wa zai biya?

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce teku ya tashi da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018. A rahotonsa na 2021 ya yi hasashen ƙarin santimita 28 zuwa 55 nan da 2100 idan aka rage hayaƙi sosai, ko 63 zuwa 101 idan aka ci gaba da ƙona mai da kwal babu ƙaƙƙautawa. Ya ƙara da cewa ba za a kawar da yiwuwar kusan mita biyu ba, saboda halin da ƙanƙarar Antaktika za ta iya shiga.

Legas, Kwatano, Lome da Akara duk a bakin teku suke, kuma ta tashoshinsu ne kayan da ake sayarwa a Kano da Maraɗi ke shigowa. Garuruwa irin su Ayetoro a jihar Ondo da Keta a Ghana sun riga sun rasa gidaje sakamakon zaizayar gaɓa, wadda tashin teku ke ƙara wa ƙarfi. Afirka kuwa ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa. Wannan ne ya sa ƙasashe masu tasowa suka dage har aka amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna a taron COP27 na Masar a 2022.

Rumfar da ta ruguje ba ta dawowa a tsawon rayuwar mutum, ko ta jikokinsa. Abin da ya rage a hannun gwamnatoci shi ne saurin da sauran za su bi ta, wanda ya dogara ga cika alkawarin yarjejeniyar Paris ta 2015, da kuma irin gine-ginen da suke bari a yi a bakin teku tun yanzu.