Kaset ɗin Ali Farka da kunnen kawuna

Shekarar da na gama lakwal ban sami aiki ba, a rumfar wani mai gyaran rediyo nake yini, bakin titin da ya taso daga Tsarnawa ya ratsa Badagishiri ya nufi Tawa. Wata ranar kasuwa wani direba ya kawo rediyon motarsa gyara, da kaset maƙale a ciki. Da aka samu ya tashi, sai sautin jita ya cika rumfar a hankali, ƙwarya tana bin sa a baya. Kawuna, da ya kawo akuya kasuwa ya raɓe shan inuwa, ya kasa kunne can ya ce, "Wanga mai molo ɗan ina na?" Direban ya ce a Amurka aka ɗauki kiɗan. Kawu ya ce ko a bangon duniya aka ɗauke shi, mai shi dai ruwan kogin Isa ya sha.

Bai yi kuskure ba. Mai kiɗan Ali Farka Toure ne, mutumin Niafunke a yankin Tumbutu na ƙasar Mali, kaset ɗin kuwa shi ne Talking Timbuktu, wanda ya fito a 1994. An haifi Ali a 1939, shi ne na goma a ɗakin mahaifiyarsa, kuma waɗanda suka gabace shi duk sun rasu suna ƙanana. Shi ya sa aka laƙaba masa Farka, wato jaki da yaren Sanwai, saboda tauri da juriya. Bahaushe ya ji sunan sai ya yi murmushi don abin da kalmar take nufi a wurinmu, amma can yabo ne. Bai gaji kiɗa ba. Da 'yar molo mai tsirkiya ɗaya ya fara, da njarka, wadda ƙanwar gogenmu ce, sai a 1956 ya ga Keita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, hankalinsa ya koma can.

To mene ne blues, da har Turawa suka riƙa kiran Ali sarkinsa a Afirka? Kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayi, musamman na jihar Mississippi. Mutum ɗaya da jitarsa, yana kukan talauci ko bashi ko matar da ta yi yaji. Yakan ja baiti, jitar ta amsa masa kamar 'yan amshi, yana lanƙwasa tsirkiya har ta yi kamar za ta yi magana. A ƙarshen shekarun 1960 Ali ya ji faifan John Lee Hooker, wanda yakan tsaya a kan karin sauti ɗaya ya yi ta jujjuya shi, sai ya ji kamar kiɗan garinsu ne. Daga nan har ya mutu matsayinsa bai sauya ba: saiwar tana nan gida, reshe ne ya ƙetare teku. Ni ina ganin ya ɗan cika baki. Blues a gonakin audugar Amurka ya girma, da wahalarsa da harshensa, kuma ba duk jikan da ya yi kama da kakansa ne ake ce masa kakan ba. Amma kamar tana nan, mai kunne ba zai musa ba.

A 1993 Ali ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Los Angeles tare da Ry Cooder, Ba'amurken da ya ƙware wajen goga ƙarfe ko kwalba a kan tsirkiya har jita ta riƙa shessheƙa. Ali ya tafi da mutanensa biyu, Hamma Sankare mai ƙwarya da Oumar Toure mai ganga. Cooder ya kawo nasa: Jim Keltner a kan gangunan zamani, John Patitucci da babbar jita mai kauri, da tsohon hannu Clarence "Gatemouth" Brown, wanda a lokacin ya doshi saba'in. Waƙoƙi goma suka fitar, cikin Sanwai da Fulatanci da Bambara da yaren Buzaye. Ko ɗaya babu da Turanci.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda baƙin suka san matsayinsu. Sau da yawa idan aka haɗa makaɗin Afirka da na Turai, namu yakan zama yaji ne kawai da aka barbaɗa a kan tuwon wani. A nan Ali ne mai gida. Cooder yana bin sa a baya kamar yaron makaɗi, inda Ali ya bar gurbi ya cike, inda babu ya yi shiru. Saurari "Ai Du": Brown ya ɗauki gogen Turawa yana ja a hankali, har ka rasa gane ko a Amurka kake ko a dandalin da ake kiɗan goge bayan girbi. A "Amandrai" kuma tafiyar ta koma ta raƙumi mai kaya, ba gaggawa. Inda nake da ƙorafi shi ne wuraren da gangunan Keltner suka shigo, domin ƙwaryar Hamma ita kaɗai ta ishi kiɗan, kuma duk wanda ya tashi yana jin zobe yana dukan ƙwarya ya san haka. Kundin ya ci lambar Grammy a 1995.

Ali bai tare a Turai ba. Ya koma gonarsa ta shinkafa, har kamfanin World Circuit ya kwashi na'urori ya bi shi gida don ɗaukar kundin Niafunke na 1999. A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunke. Ya rasu a watan Maris 2006, 'yan makonni bayan kundinsa da Toumani Diabate mai kora ya ciyo wata Grammy ɗin.

Mu ma a jihar Tawa irin wannan gauraye ba baƙonmu ba ne. Ƙasar Ɗan Gurmu ce, wanda ake gasar kiɗa da sunansa. Kuma Mdou Moctar, Buzun arewacin jihar nan, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, inda ya haɗa jitar Buzaye da muryar na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu, kafin wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinto ɗaya ya fitar da ita waje. Yau yana cika dandali a Amurka.

Kawu ya rasu bai taɓa sanin sunan Ry Cooder ba, ko da yake ya sa na nemo masa kofin kaset ɗin a Ƙonni, ya saurare shi har zaren ya tsinke. Idan akwai dattijo a gidanku, ka nemo "Ai Du" a wayarka ka kunna masa. Kada ka gaya masa inda aka ɗauke ta, ka tambaye shi kawai ɗan ina ne mai kiɗan.