Kogin da Hamadar Amurka Ke Sha

Wanda zai tashi daga Albuquerque, babban birnin kasuwancin jihar Niyu Meziko, ya nufi yamma da mota, abin da zai fara saya shi ne ruwa. Hukumomin da ke kula da gandun dajin hamada a Amurka suna ba da shawarar kowane mutum ya tanadi lita huɗu a yini, ban da na mota. Bayan haka sai a cika tanki, a duba tayoyi, a kama babbar hanya mai lamba 40.

Hanyar nan a kan sawun wata tsohuwa aka shimfiɗa ta, wato Route 66, wadda aka buɗe a 1926 daga Shikago zuwa Los Angeles, kimanin kilomita 3,900, aka kuma soke lambarta a 1985. A shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka kori manoman Oklahoma da maƙwabtansu daga gonakinsu, ita suka bi da komatsansu ɗaure a saman motoci suna neman aiki a Kalifoniya. Da dama cikin dare suke ƙetara hamadar Mojave don kada lagireto ya tafasa. Direbobin wancan zamani sukan rataya jakar zane mai kauri cike da ruwa a gaban mota. Tana tsatsafowa, iska na bugun ta, ruwan ciki na yin sanyi. Duk wanda ya taɓa shan ruwan salka ko na randa ya san wannan dabara.

Kafin a isa garin Gallup akwai wani tudu da direba zai iya wucewa bai lura ba, ga shi kuwa a nan ruwan nahiyar ke rabuwa. Ruwan saman da ya sauka ta gabas yana gangarawa kogin Rio Grande, wanda ya sauka ta yamma kuma ya nufi kogin Kolorado. Daga nan har ƙarshen tafiyar, da yawa daga famfunan da matafiyi zai buɗe da korayen gonakin da zai hango, da kogin Kolorado suke da alaƙa. Mutane kusan miliyan 40 ne ke dogaro da shi a jihohi bakwai da arewacin Meziko.

Arewa da Gallup ƙasar Navajo ce, mafi girman yankin da 'yan asalin Amurka ke mulkin kansu a ciki, fiye da murabba'in kilomita 70,000 na jajayen duwatsu da filin kiwon tumaki. A kan hanya za ka riƙa cin karo da akori-kura ɗauke da manyan tankunan roba, kuma ruwan sha ne a ciki. Kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar ba shi da famfo, mutane na tuƙa mota kilomitoci masu yawa su bi layi su ɗebo. Kogin Kolorado yana wucewa ta iyakar ƙasarsu. Amma a 1922, da jihohin bakwai suka zauna rabon ruwansa, ba a kira ko ɗaya daga ƙabilun da suka riga kowa zama a bakinsa ba. A 2023 Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar da Navajo suka shigar, suna neman a tilasta wa gwamnatin tarayya ta auna buƙatarsu ta ruwa, ta kuma tsara yadda za a biya ta. Alƙalai biyar cikin tara suka ce yarjejeniyar da Navajo suka ƙulla da gwamnatin Amurka a 1868 ba ta ɗora wa gwamnati wannan nauyi ba. Ni a ganina babu abin da ya fi wannan ciwo a duk tsawon hanyar.

Daga nan hanya tana hawa har Flagstaff, mita 2,100 sama da teku, inda akwai dogayen bishiyoyi da ƙanƙara a lokacin sanyi, sannan ta yi ta gangara sa'o'i uku har Needles a bakin kogi, inda tsayin bai wuce mita 150 ba, zafin bazara kuwa kan haura digiri 45. Duwatsun Kalifoniya ne suka haifar da wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa. Iskar da ke tasowa daga tekun Pasifik ɗauke da danshi tana hawa duwatsun, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a ɓangaren yamma, ta sauko gabas a bushe tana ƙara ɗumi. A bayan waɗannan duwatsu kwarin Death Valley yake, inda aka rubuta digiri 56.7 a ranar 10 ga Yuli, 1913. Da tsakar rana kwalta kan yi ƙyalli can gaba kamar an yi ɓarin ruwa: ƙawalwalniya ce, iskar da ke kwance a kan zazzafar kwalta ce ke lanƙwasa haske, ido ya ga hoton sama a ƙasa.

Kafin a kai Needles, ya kamata a ratse daga garin Kingman a je madatsar Hoover da ke kan kogin, wadda aka kammala a 1936. A jikin duwatsun da suka kewaye tafkin Mead, wanda madatsar ta tara, akwai farin zane mai tsayin bene da yawa, alamar inda ruwa yake kaiwa a da. Masu rabon 1922 sun yi lissafi da shekarun da daga baya zoben cikin tsofaffin bishiyoyi ya nuna suna cikin mafi albarkar ruwa a ƙarnoni da dama, sai suka raba abin da kogin ba ya kawowa kullum. Fari ya kama yankin tun daga 2000. A 2021 gwamnati ta ayyana ƙarancin ruwa a tafkin karon farko, a tsakiyar 2022 kuma ya sauka zuwa kusan kashi 27 cikin 100 na cikarsa. Birnin Las Vegas, wanda kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga nan yake, ya daɗe yana biyan mazauna kuɗi su tuge ciyawar ƙawa daga ƙofar gidajensu. Kaso mafi tsoka dai gonaki ke sha, musamman na ciyawar shanu.

Wanda ya juya kudu daga Needles ya bi hanya mai lamba 95 zai ga haka da idonsa. A Yuma, inda ruwan saman shekara bai kai milimita 100 ba, gonakin latas ne shar iya ganinka, kuma daga nan yawancin ganyen salak ɗin da Amurkawa ke ci da sanyi yake fitowa. Gaba kaɗan, a madatsar Morelos da ke kan iyakar Amurka da Meziko, ake karkatar da ragowar kogin zuwa gonakin Mexicali. Bayanta sai yashi.

A Maris 2014 ƙasashen biyu suka buɗe ƙofofin madatsar don gwaji. Ruwa ya bi busasshen kwarin a hankali, mutanen garin San Luis Río Colorado suka fito da 'ya'yansu, yaran da ba su taɓa ganin kogin da garinsu ke ɗauke da sunansa ba suka shiga suna wanka. Bayan kimanin mako takwas, a tsakiyar Mayu, bakin ruwan ya taɓa teku.