Birni da Zango: unguwannin Damagaram da sai da ƙafa ake gane su

Mai adaidaita zai iya kai ka ƙofar fadar Sarkin Damagaram, amma iyakarsa ke nan. Daga nan lungunan Birni suke farawa, wasu ƙanana ne har mutum biyu ba sa jerawa a cikinsu. An gina unguwar ne tun lokacin da ƙafa da doki da jaki su ne abin tafiya, kuma har yau a ƙasa aka fi jin daɗin zagaya ta.

A fito da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, musamman a watannin sanyi, daga Disamba zuwa Janairu. Ana iya farawa daga fada, inda dogarai ke zaune da jajayen kayansu masu ratsin kore. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya kai Damagaram ƙololuwar ƙarfinta: ya ƙarfafa ganuwa, ya sa aka ƙera bindigogin igwa a cikin gari, fatake kuma suna ta kai da komo tsakanin Turabulus da Kano da Barno. Ganuwar dai yanzu sai ɓurɓushi a wasu wurare.

Abin kallo na gaske yana jikin gidajen. Ka tsaya gaban tsohon zaure ka ɗaga kai: zankwaye a saman soro, indararo da ke zubar da ruwan sama nesa da bango, da zane da aka fitar da hannu tun laka tana ɗanya, wani an shafa masa launi, wani an bar shi da jan ƙasarsa. Da tubali aka tayar da bangon, da azara aka rufe, kuma da tsakar rana ɗakin ya fi na kwano sanyi nesa ba kusa ba. Ga kuma manyan duwatsun nan da garin ya yi suna da su. Magina ba su kauce musu ba, sai ka ga katanga ta jingina da dutse, ko hanya ta karkace don ta zagaye shi. Shi ya sa baƙo yake ɓacewa a Birni. Ba abin damuwa ba ne, ka yi sallama ka tambaya, za a nuna maka. Sai dai a tuna gidajen mutane ne, a nemi izini kafin a ɗaga waya.

Akwai wurin da ba za ka ƙara ganinsa yadda yake ba. A farkon Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. Hotunan faɗuwarsa sun zagaya wayoyin ƴan gari na gida da na waje. Ginin ƙasa yaɓe yake so kafin kowace damina. Idan aka yi sakaci ruwa ya sami kafa, daga sama yake cin bango, daga ƙasa kuma danshi ya ci gindinsa. Tun 2006 Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, amma ba su shiga sahun kayan tarihin duniya ba, alhali tsohon garin Agadez ya shiga a 2013.

A nan maganar ta shafi masu aiko kuɗi daga Libiya, Aljeriya, Legas ko Faransa. Wanda ya samu yakan so ya gyara gidan iyaye, kuma gyara a wurin mutane da yawa shi ne a rushe soro a sa bulo da kwano. Ba wanda zai ga laifin mai gudun kada ɗaki ya faɗo wa mahaifiyarsa. Amma shafa siminti a kan bangon ƙasa ba magani ba ne: yana tsare danshi a ciki, bangon ya ruɓe ba a sani ba. Kafin a kira mai bulo, ya kamata a ji ta bakin maginin gargajiya, ko da zauren kaɗai za a tsirar.

Daga Birni a nufi arewa. A kan tudu akwai sansanin da Faransawa suka kafa bayan sun ci garin a 1899, shekara guda da kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Wurin soja ne, a wuce ba hoto. Damagaram ce hedikwatar mulkin mallaka daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Zango kuwa, kamar yadda sunansa ya nuna, nan ayarin Buzaye da fatake ke sauka a wajen ganuwa. Unguwar attajirai ce irin su Malam Yaro, kuma wasu gidajenta ba su gaza na Birni ado ba, sai dai babura sun fi yawa, dole a riƙa waiwaye. In ranar Alhamis ce, a ƙarasa Kasuwar Dole a duba aikin dukawa. A riƙo ruwan sha tun daga gida.