Dandalin X: Kalmomin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Buɗe Shafi

Legas — A ranar 23 ga watan Afrilu na 2013, wasu masu kutse suka ƙwace shafin kamfanin dillancin labarai na Associated Press a dandalin Twitter, suka wallafa jimla guda wadda ta ce an sami fashewa a fadar White House kuma Shugaba Barack Obama ya ji rauni. Cikin 'yan mintoci farashin hannun jari ya rikito a kasuwar New York, har aka ƙiyasta darajar da ta salwanta ta zarce dala miliyan dubu 130, kafin a gano cewa labarin na ƙarya ne, farashi ya koma inda yake.

Wannan ya nuna irin nauyin da gajeren saƙo ke da shi a wannan dandali, wanda a yau ake kira X. A nan Nijeriya ma, Babban Bankin ƙasa yana sanya sanarwarsa a can, haka nan bankunan kasuwanci da kamfanonin waya da na jiragen sama suna sauraron koke-koken jama'a ta nan. Saboda haka falke mai kai kaya Mile 12 ko ɗan canji a Abuja yana da dalilin leƙawa, sai dai wuri ne mai nasa kalmomi, kuma rashin sanin wasunsu yana jawo asarar kuɗi.

An kafa dandalin ne a birnin San Francisco na Amurka a 2006, kuma Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, shi ne ya aika saƙon farko ranar 21 ga watan Maris na wannan shekara. Da farko saƙo ba ya wuce haruffa 140, domin an tsara shi ne a kan saƙon tes na wayar hannu mai ɗaukar haruffa 160, aka bar ragowar 20 saboda sunan mai aikawa. A watan Nuwamba na 2017 aka ninka adadin zuwa 280. Irin wannan saƙo shi ne aka sani da tuwit, kuma duk da cewa kamfanin ya daina amfani da kalmar bayan sauya suna zuwa X a watan Yuli na 2023, har yanzu ita ce a bakin mutane.

Waɗanda suka zaɓi su riƙa ganin saƙonnin mutum su ne mabiyansa. Ba kamar abota a Facebook ba, a nan ana iya bin mutum ba tare da izininsa ba, sai fa in ya kulle shafinsa, kuma ba lallai ne shi ma ya bi wanda ya bi shi ba. Idan saƙon wani ya burge mutum, yana iya sake yaɗa shi ga nasa mabiyan, wato rituwit, ko kuma ya ɗora nasa sharhi a kai. Ta wannan hanya ce tallar mai mabiya ɗari kan isa ga dubbai, ta nan ne kuma koken abokin ciniki guda kan zama abin kunya ga kamfani kafin azahar.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai harkar kuɗi shi ne sanin cewa kowane shafi sunaye biyu ne da shi. Akwai sunan da ke fitowa da manyan haruffa a sama, wanda kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ko da sunan banki ne, ya kuma sa tambarinsa. Akwai kuma sunan rajista da ke farawa da alamar @, wanda ba ya wuce haruffa 15, kuma shafi ɗaya ne kaɗai ke riƙe da shi a lokaci guda. Na Babban Bankin Nijeriya, alal misali, shi ne @cenbank.

A wannan giɓi ne 'yan damfara suke kafa tarkonsu. Mutum zai rubuta koke a fili cewa an cire masa kuɗi ba a kai wa wanda ya tura wa ba, ya ambaci bankinsa. Kafin ma'aikatan bankin su amsa, sai wani shafi mai ɗauke da suna da tambarin bankin ya ba shi haƙuri cikin ladabi, ya nemi su koma saƙon sirri, wanda aka fi sani da DM. A can ne za a tambaye shi lambar katinsa, da lambobinsa na sirri, da lambar wucin gadi da ake aikowa ta waya. Da zai duba sunan da ke bayan alamar @ da kyau, da ya ga an ƙara wani harafi, ko an sa lamba 1 a madadin harafin l. Banki na gaskiya ba ya neman waɗannan lambobi, kuma sunan shafinsa na ainihi yana rubuce a shafinsa na intanet. Har ila yau, kowane shafi yana nuna wata da shekarar da aka buɗe shi. Bankin da ya shekara 30 yana aiki ba zai zo da shafin watan jiya ba.

Mutane da yawa har yanzu suna dogara da shuɗin maki da ke gefen suna, alhali ma'anarsa ta sauya. Daga 2009 kamfanin yana ba da shi ne ga fitattun mutane da hukumomin da ya tantance. Bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a kan dala miliyan dubu 44 a watan Oktoba na 2022, sai aka mayar da shi abin saye. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara wani ya sayi makin, ya sa sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sanar cewa allurar insulin ta masu ciwon sukari ta zama kyauta, lamarin da ya tilasta wa kamfanin fitowa ya ƙaryata, farashin hannun jarinsa kuma ya faɗi washegari. Yanzu maki mai ruwan zinariya shi ne na kamfanoni, mai ruwan toka kuwa na hukumomin gwamnati.

Sai kuma alamar #, wadda wani mai suna Chris Messina ya ba da shawarar amfani da ita a 2007 domin tattara duk saƙonnin da suka shafi maudu'i guda. 'Yan Nijeriya sun ga ƙarfinta a #BringBackOurGirls a 2014 da kuma #EndSARS a 2020. Idan aka yawaita magana a kan maudu'i cikin ƙanƙanin lokaci, sai a ce yana tashe. Wasu masu talla kan liƙa hajarsu a jikin duk abin da ke tashe, ko da na makoki ne, dabarar da ta fi jawo zagi a kan ciniki.

Wani abin lura shi ne cewa mabiya ba mallakar mai shafi ba ne, domin rumfar aro ce. A ranar 4 ga watan Yuni na 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter a Nijeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a ɗage dakatarwar ba sai ranar 13 ga watan Janairu na 2022, wato fiye da wata bakwai. Masu sayar da tufafi da turare da abinci waɗanda suka adana lambobin wayar abokan cinikinsu sun koma WhatsApp da Instagram suka ci gaba da harka, sauran kuwa sai da suka koma neman masu saye tun daga farko. A watan Yuli na 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.