Ƙetare Iyaka Domin Rasuwar Kaka: Tsakanin Jana'iza da Ta'aziyya

Gabatarwa

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 ta raba ƙasar Hausa gida biyu, amma ba ta yanke zumunci ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa a Maratta aka haife shi a 1754, garin da a yau yake cikin Jamhuriyar Nijar. Don haka ba baƙon abu ba ne magidanci a Runjin Sambo, cikin birnin Sakkwato, ya sami waya da asuba cewa kakansa ya rasu a Birnin Konni ko Tawa. Sau da yawa amsarsa ta farko ita ce a dakata da jana'iza har ya iso da iyalinsa. Wannan maƙala tana duba matsayin wannan roƙo a Shari'a, da abin da ya hau kan matafiyin, bisa mazhabar Malikiyya.

Gaggauta binnewa

Wankan mamaci da yi masa likkafani da sallatarsa da binne shi farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi, ta faɗi daga kan sauran. Ke nan da zarar jama'ar garin sun tsaya da ita, jikan da ke Sakkwato ba shi da laifi idan bai halarta ba. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi umarni da gaggauta kai mamaci makwancinsa. Malamai sun yarda da ɗan jinkiri domin tabbatar da mutuwar ko jiran makusanci, muddin ba a ji tsoron gawar za ta canza ba.

Daga Sakkwato zuwa Konni, ta Kware da Gwadabawa da Illela, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, amma ƙetare iyaka ba a hannun matafiyi yake ba. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ko a buɗe take, tattara mata da yara da takardunsu da tsayawa a shingayen bincike na iya cinye yini. Ajiye gawa cikin zafin wannan yanki domin jiran wanda bai san sa'ar isowarsa ba tauye haƙƙin mamaci ne.

Salla ga wanda bai halarta ba

Wasu kan nemi cike gurbin da sallar ga'ibi a masallacin unguwa. Asalinta sallar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi, sarkin Habasha, a shekara ta 9 bayan Hijira. Shafi'iyya da Hanabila sun ɗauke ta hukunci na kowa, yayin da Malikiyya da Hanafiyya suka ɗauke ta keɓantacciya. Haka kuma Malikiyya ba su ga a maimaita salla a kan kabarin wanda aka riga aka sallata ba. Abin da ba a yi saɓani a kansa ba shi ne addu'a: tana isa ga mamaci daga Runjin Sambo kamar yadda take isa daga bakin kabari.

Manufar tafiyar

Idan jana'iza ta wuce, tafiyar ba ta rasa daraja ba. Ta zama ta'aziyya da sada zumunci. Malaman fiƙihu sun iyakance ta'aziyya da kwana 3 don kada a riƙa fama ciwon masu rashi, amma sun togace wanda ba ya nan, yana iya yi duk ranar da ya iso. Wannan rangwame ya kawar da dalilin kama hanya da dare da ƙananan yara, ko cin bashin da zai ƙuntata iyali.

Ya kamata a kula da nauyin da baƙi ke ɗora wa gidan rasuwa. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, iyalinsa aka yi umarnin a dafa wa abinci. Wanda ya sauka da mutum goma hannu rabbana ya juya wannan sunna. Ya fi dacewa ya tafi da hatsi da kuɗin cefane. Ɗaure tafiyar da sadakar uku ko bakwai ko arba'in kuwa ba shi da tushe a sunna, kuma Shehu ya yi gargaɗi game da bidi'o'in jana'iza a littafinsa Ihya'us Sunna.

Hukunce-hukuncen hanya

Nisan ƙasaru a Malikiyya baridi 4 ne, wato mil 48, kimanin kilomita 80, kuma tafiyar Konni ta kai haka. Matafiyi yana fara ƙasaru bayan ya wuce gine-ginen birni, yana kuma cika salla idan ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku, ko ya shiga garin da matarsa take zaune. Mace tana tafiya da mijinta ko muharraminta. Zaman makokinta ga kaka ba ya wuce kwana 3, domin takaba ta wata 4 da kwana 10 ta miji ce kaɗai.

Kammalawa

Amsar da ta dace da wayar asuba ita ce: “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ku yi masa sutura, kada ku jira mu.” Daga nan magidanci ya tara iyalinsa su yi wa mamacin addu'a, ya bincika ko akwai bashi ko wasiyya a kansa, sannan ya shirya tafiyar ta'aziyya cikin natsuwa. Allah ne Mafi sani.