Taswirar Gida a Kwamfuta: Sauyin Zanen Gini a Garwa

A Garwa, babban birnin Yankin Arewa na Kamaru, taswirar gida ta bar teburin zane ta koma cikin kwamfuta. A da, mai zane kan shimfiɗa takarda mai shara-shara ya ja layi da alƙalamin tawada, in ya kuskure ya kankare da reza. Gidajen unguwanni da dama ma ba su taɓa hawa takarda ba: magini ne ke auna fili da igiya, ya shata ɗakuna a ƙasa. Yanzu da AutoCAD, ArchiCAD ko SketchUp ake aikin, a tura wa mai gida ta WhatsApp tun ba a buga bulo ko ɗaya ba.

Doka ce ta fara turo wannan sauyi. Dokar tsara birane ta Kamaru, ta 21 ga Afrilu 2004, ta wajabta neman izinin gini, kuma taswira na cikin takardun da hukumar birni ke dubawa. Sai kuma yawaitar masu iya zanen. An kafa Jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa a 2022, ga makarantun koyon sana'a da ke yaye ɗaliban fannin gini. Kwamfutar hannu 'yar gwanjo ta yi araha, manhajojin kuwa galibi kwafe su ake yi daga hannu zuwa hannu, domin kuɗin lasisinsu ya fi ƙarfin matashi mai fara aiki. Gyaran filin wasa na Roumdé Adjia da sauran gine-ginen gasar cin kofin Afirka, wadda aka buga a farkon 2022, su ma sun saba wa idon jama'a da ganin hoton gini kafin ginin kansa.

Amfanin a fili yake. Taswirar da aka shirya don nunawa takan zo a ma'aunin 1/100, wato santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ne a ƙasa. Ana kaurara layin bango, a nuna inda kowace ƙofa ke buɗewa, a sa gado da kujeru, a shafa launi. Ɗan kasuwar da bai taɓa karanta zane ba zai gane falonsa ya matse, uwargida ta ga madafa ta yi nisa da rumfa, a gyara nan take. Gyaran da ake yi da guduma bayan an ci buhunan siminti, yanzu kan allo ake gama shi.

Illar kuma daga kyan hoton take fitowa. Kayan da ke zuwa cikin manhajojin, da samfuran da ake saukewa daga intanet, an yi su ne don wasu ƙasashe: faffaɗan gilashi, koriyar ciyawa, gida dunƙule a tsakiyar fili. A garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, taga mai faɗi da ke kallon yamma azaba ce, musamman idan wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Kibiyar da ke nuna arewa, wadda da ita ake sanin inda rana za ta bugi bango, sau da yawa ado kawai take zama a gefen takarda.

Abin da ya fi ciwo shi ne ɓacewar zaure. Gidan Fulani da Hausawa na unguwanni irin su Foulbéré tsari ne na kunya da karamci: baƙo ya tsaya a zaure, mata su sake a tsakar gida, inuwar darbejiya ta rufe kowa. Manhaja ba ta hana zana wannan ba. Mai zane ne ke ganin falo mai fitilu ya fi saurin sa mai gida ya biya. Ƙwararrun da suka san garin kan mayar da zaure, baranda mai zurfi da tagogi masu fuskantar juna, su kuma nuna su da kyau a hoton.

Akwai giɓi tsakanin takardar nuni da takardar aiki. Birkila ba launi yake nema ba. Yana son tsawon kowane bango, zurfin harsashi da kaurin rodi. Idan hoton kaɗai aka miƙa masa, sauran da ka zai cike shi. A filayen kwari na kusa da kogin Binuwai, inda ambaliyar 2012 ta yi ɓarna, tsayin daɓe daga ƙasa da hanyar fitar ruwa su ne ya kamata a fara rubutawa a takardar da ake kaiwa wurin aiki.